Jirgin Dakon Kaya na Zamanin Yaƙin Hitila

A da can, manomin Tibiri ko na Jiratawa, wanda gyaɗarsa ke barin Maraɗi ta ratsa Kano har tashar Ikko, bai taɓa ganin bahar ba, alhali arzikinsa yana rataye da jiragen ruwa. Sa'ad da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suka addabi na Ingila, sai Amurka ta ƙera wani nau'in jirgin dakon kaya mai suna Liberty, marar ado, mai ɗaukar kimanin tan 10,000. Na farkonsu, Patrick Henry, ya shiga ruwa a Baltimore a 1941, kuma zuwa 1945 adadinsu ya kai 2,710. Bayan yaƙi Faransa ta karɓi 75, domin galibin nata sun halaka. Shi kuwa Patrick Henry, abin takaici, farfasa shi aka yi a 1958.