Kwanson Sukarin da Ƙwayar Sanƙarau Ke Fakewa a Ciki

Annobar sanƙarau da ta taso daga Zamfara a ƙarshen 2016, ta bazu zuwa Sakkwato da Kebbi da Katsina a bazarar 2017, ta kama sama da mutum 14,000, fiye da 1,100 suka riga mu gidan gaskiya. Jama'a na da dalilin tambaya a lokacin, domin tun daga 2011 ake bin jihohin Arewa da allurar MenAfriVac, kuma an ce ta yi aiki. Ta yi aikin kuwa. Amsar tana jikin ƙwayar cutar, a wani lulluɓi da ko madubin likita na yau da kullum ba ya nuna shi sosai.

Bakteriyar da ke kawo wannan annoba, Neisseria meningitidis, tana zama a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta cutar da su ba. Idan ta ratsa cikin jini, abin da ke hana garkuwar jiki cinye ta shi ne kwanson da ta naɗe kanta da shi. Kwanson nan sukari ne, amma ba na shayi ba: dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayar sukari iri ɗaya ko biyu da ke maimaita kanta, kamar 'ya'yan carbi a zare. Irin sukarin, da wurin da aka ɗaura kowace ƙwaya da ta gaba, su ke raba cutar gida goma sha biyu. Shida ne ke yin mafi yawan ɓarna: A, B, C, W, X da Y.

Bambancin da ke tsakaninsu ƙanƙane ne ƙwarai. Rukunin B da C duk da sukari ɗaya suke gina kwansonsu, wanda ake kira sayalik asid. A wajen B, ɗaurin yana kan kabon na takwas. A wajen C, yana kan na tara. Wannan bambanci na taku ɗaya ya sa aka iya yi wa C rigakafi daga kwansonsa, B kuwa ya gagara shekaru da dama, saboda sarƙarsa daidai take da wadda ke kan wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, musamman ɗan tayi. Jiki yana ganinta a matsayin 'yar gida, ba ya taɓa ta. Sai da masana suka koma kan furotin da ke ƙarƙashin kwanson kafin a samu allurar B.

Rukunin A, wanda ya kashe kimanin mutum 25,000 a Afirka a 1996 da 1997, sukarinsa daban ne, kuma sinadarin fosfet ne ke haɗa ƙwayoyinsa. Ɗaurin fosfet ɗin nan ba ya jure zama cikin ruwa, yana tsinkewa. Shi ya sa MenAfriVac, allurar rukunin A, ke zuwa a matsayin busasshen gari a 'yar kwalba, sai ma'aikaciyar lafiya ta dama shi da ruwansa na musamman kafin ta ja a sirinji.

Tsofaffin alluran sukari zalla ba sa kama yara 'yan ƙasa da shekara biyu da kyau, kariyarsu kuma ba ta daɗewa. Dabarar da kamfanin Serum Institute na Indiya ya bi ita ce liƙa sukarin A a jikin furotin na tetanus da aka kashe wa dafi. Da haka jiki ke riƙe kamanninsa, har ya kore shi daga maƙogwaro. An fara da Burkina Faso da Mali da Nijar a Disambar 2010, a kan ƙasa da rabin dala kowace allura, rukunin A kuma ya kusan ɓacewa. Amma garkuwar da ta koyi siffar A ba ta san C ba. Wani sabon nau'in C ya ɓulla a yankin Sakkwato a 2013, ya afka wa Yamai a 2015, sannan Zamfara.

A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai ɗauke da A, C, W, Y da X. Wannan babban ci gaba ne, sai dai ina ganin raunin da ya rage yana ɗakin gwaji. Ba a gane rukunin cutar daga sandarewar wuya ko zafin zazzaɓi; sai an ɗebi ruwan ƙashin baya an kai shi gwaji kafin ya lalace. Dangi da yawa suna ƙin yarda a ɗiba, don tsoron kada majiyyaci ya shanye, alhali a hannun ƙwararre haɗarin kaɗan ne. Duk samfurin da ba a ɗauka ba yana jinkirta sanin allurar da ta dace a tura garin da cutar ta ɓulla, kuma sanƙarau yana iya kashe yaro cikin awa ashirin da huɗu.