Kekunan da ake ɓoye wa waya a ciki: Daɗin kallo, wahalar gyara

Duk wanda ya kalli gasar tseren keke ta Tour de France a 'yan shekarun nan zai lura da wani abu: ga birki, ga giya, amma ba a ganin abin da ya haɗa su da hannun mahayi. Ba ɓacewa wayoyin suka yi ba. An cusa su ne cikin bututun firam, su bi ta ciki su ɓullo daidai inda ake buƙatarsu.

Da salon ya tsaya a kan kekunan 'yan tsere, da ba ruwan kowa. To amma ya gangaro zuwa kekunan hawa dutse da na zirga-zirgar gari, kuma idan suka tsufa a Turai da Amurka, wasunsu cikin kayan gwanjo suke ƙarewa. Daga nan sai rumfar mai gyaran keke a unguwa, wanda ya koyi sana'arsa a kan Raleigh da Phoenix, kekunan da birkinsu sandunan ƙarfe ne a fili, kowa yana ganin inda matsala take.

Wayar birki irin ta zamani ta samo asali ne daga wani ɗan Ailan, Ernest Monnington Bowden, wanda ya yi rajistar fasahar a 1896. Mutane da dama kan rikita shi da Frank Bowden mai kamfanin Raleigh na Nottingham, alhali mutum biyu ne daban. Fasahar ba ta da sarƙaƙiya: siririyar wayar ƙarfe tana zamewa cikin wata riga mai tauri. Ka matse birki, wayar ta ja, rigar ta tokare. Shi ya sa wayar ke iya lanƙwasa ta bi kwana ba tare da ƙarfin jan ya ɓace ba.

Ɓoye ta ma ba sabon abu ba ne. Maƙeran keke na Faransa irin su René Herse sun riƙa ratsa wayar birkin baya ta cikin bututun sama tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Daga baya Ba'amurke Gary Klein ya yi suna da firam ɗin alminiyam masu waya a ciki, kafin kamfanin Trek ya saye kamfaninsa a 1995.

Abin da ya mayar da shi yayi ya faru ne cikin shekara goma kacal. A 2009 Shimano ya fito da giyar lantarki ta Di2, wadda wayarta ba ta damu da kwana ba tunda wuta ke bi ta cikinta, ba ja ake yi ba. A 2015 Trek da Specialized suka fito da kekunan Madone da Venge ViAS, waɗanda suka ɓoye kusan komai. A 2018 kuma hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta amince da birkin faifai a tseren kan titi. Irin wannan birki yawanci da mai yake aiki, cikin siririn tiyo, shi ma kuma kwana ba ta rage masa ƙarfi. Da hanya ta buɗe, sai kamfanoni suka ruga.

Hujjarsu ta farko ita ce iska. Idan keke na gudun kilomita 40 a awa, mafi yawan ƙarfin mahayi wajen ture iska yake tafiya, kuma abu mai siffar waya yana tare iska fiye da yadda girmansa ke nunawa. Ga wanda ake raba shi da abokin takara da daƙiƙa ɗaya, ribar tana da ma'ana. Ga mai zuwa kasuwa ko makaranta a kilomita 15 a awa, babu abin da zai ji a ƙafarsa. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi a ƙasa mai ƙura: wayar da ke cikin riga tun daga hannu har zuwa giya ba ta shan ƙurar hunturu da taɓon damina, don haka tana daɗewa ba ta cije ba. Sai dai ana iya samun wannan ko da rigar a waje aka ɗaure ta. Hujja ta uku, wadda a ganina ita ke sayar da keken, kyau ne kawai.

Inda aikin yake

Ba duk ɓoyon ne iri ɗaya ba. A firam mai kyau, kamfani kan gina siririn bututu a ciki tun daga ƙofar shiga har ta fita: ka tura rigar waya ta nan, ta fito ta can. A mai araha kuwa, ramuka biyu ne kawai da duhu a tsakaninsu. Nan ne bakanike zai shafe lokaci yana lalube da lanƙwasasshiyar waya da tocila.

Masu sana'ar sun ƙirƙiro dabaru. Babbarsu ita ce kada a zare tsohuwar waya haka kawai. Ana fara zura siririn bututun roba a kanta har ya fito ta ɗaya ɓangaren, ko a haɗa bakin tsohuwar riga da na sabuwa, ta yadda fitar wannan ita ce shigar waccan. Wanda ya riga ya zare, sai ya koma ga maganaɗisu: ana jan bakin wayar ƙarfe daga waje, a bi da ita jikin bututun har ƙofa. Kamfanin Park Tool yana sayar da kayan aiki na musamman don haka. Dabarar tana ci a firam ɗin alminiyam da na kabon, amma a na baƙin ƙarfe maganaɗisun jikin firam yake mannewa. Wasu kuma zaren ɗinki suke sakawa ta rami ɗaya, su zuƙo shi ta ɗayan da injin shara, sannan su ɗaura wayar su jawo.

Bayan an gama kuma akwai ƙara. Rigar da ke lilo cikin bututu tana ƙwanƙwasa shi duk lokacin da aka faɗa gargada, har mai keke ya ɗauka wani abu ne ya karye. Maganinta soso ne mai rami da ake sanya wa rigar kafin a tura ta.

Abin da ya fi tayar wa masu gyara hankali, har a Turai, shi ne sabon salon da wayoyi ke shiga ta wuyan keke, su ratsa tsakiyar boris ɗin da ke juya kan keken. A tsohon tsari, sauya boris ɗin wuya aikin 'yan mintuna ne. A sabon, tiyon birki ta cikin zoben boris ɗin ya bi, don haka sai an cire tiyon, a yanke bakinsa, a sa sabon ɗan zoben da ke matse shi, a ƙara mai, a fitar da iska. Kowane yanka yana rage tsawon tiyon, har ranar da zai gaza sai an sayi sabo an sake ratsa shi daga farko. Kuma ramin da wayoyin ke shiga, ta nan ruwa da yashi ke bi su sauka kan boris ɗin. Wato tsarin da ya sa sauya boris ya yi wuya, shi ne ke sa ya saurin lalacewa.

Wurin kuma ba na wasa ba ne. A watan Oktoban 2021, Specialized ya yi kiranyen kekunansa samfurin Tarmac SL7, bayan an gano cewa dukan rami mai tsanani na iya sa sassan wuyan, inda wayoyin ke ratsawa, su tsaga sandar da ke riƙe da ƙafar gaba. Kamfanin ya sauya sassan kyauta. Wanda ya sayi keke a gwanjo, hannu na uku ko na huɗu, babu wanda zai aiko masa da irin wannan sanarwa.

Kafin ka biya

Mai shirin sayen irin wannan keke ya fara duba inda wayoyin suka shiga. Idan ta gefen bututun ƙasa ne, abin da sauƙi. Idan ta wuya ne, ya matse birkin gaba ya girgiza keken gaba da baya, ya kuma juya kan hagu da dama. Duk wani motsi ko gurzawa na nufin boris ya tafi, kuma ya kamata kuɗin aikin ya fita daga farashi.

Akwai kuskure biyu da ke iya kai mutum asibiti. Rigar wayar birki, mai kaurin milimita 5, ƙarfenta nannaɗe yake kamar sifirin. Ta giya, mai milimita 4, zarurrukanta a miƙe suke. Idan aka sa ta giya a birki don ta fi sauƙin shiga rami, tana iya fashewa daidai lokacin da aka matse da ƙarfi. Na biyu shi ne mai. Birkin Shimano da man ma'adinai yake aiki, yawancin na SRAM kuma da man DOT irin na mota. Zuba man birkin mota a Shimano yana kumbura robobin ciki ya kashe birkin. Sai kuma masu sha'awar huda tsohon firam da kansu don ya yi kama da na zamani: ramin da ba a ƙarfafa gefensa ba, nan tsagewa ke farawa, musamman a alminiyam da kabon.

Su kansu masu harkar sun san ba kowace hanya ce ta dace da wannan salo ba. F.K. Day, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa SRAM, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar World Bicycle Relief a 2005. Keken da ƙungiyar ta ƙera don karkarar ƙasashe irin su Zambiya da Kenya, mai suna Buffalo, samfurinsa na asali giya ɗaya gare shi, kariyarsa na ɗaukar kilo 100, birkinsa kuma a cibiyar ƙafar baya yake: da feda ake taka shi, a mayar da ita baya.