Bayan Gwaji, A Buɗe A Duba

Ikkilisiyoyinmu da yawa suna da mota wadda aka saya da baikon jama'a. Ita ce ke kai 'yan Zumuntar Mata taro, ita ce kuma ke kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. Idan injinta ya gaji aka kai gareji, abin da muka saba yi shi ne mu zaga gari da ita sau ɗaya, mu ji ƙararta ta yi daɗi, mu biya bakanike. To, amma ƙara ba ta faɗin dukan abin da ke ciki.

Kamfanonin ƙera motoci ba su tsayawa nan. Sukan ɗora sabon samfurin inji a kan teburin gwaji, ya yi ta aiki na ɗaruruwan awoyi, sa'an nan su warware shi ɗaya bayan ɗaya, su auna abin da ya cinye. Mu ba mu da irin kayansu, amma muna da ido da hannu.

Da fari, a juye baƙin mai cikin kwano mai tsabta bayan tafiyar kamar kilomita 1,000, a duba shi a rana. Ɗan ƙyalli kamar gari ba abin tsoro ba ne ga injin da aka gyara. Amma in an ga ɓarɓashin ƙarfe, musamman mai launin jan ƙarfe, to metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai ya fara cinyewa. In kuwa man ya zama kamar shayi mai madara, ruwa ne ya shiga, sau da yawa ta gasket.

Na biyu, a kwance fulogi. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiya ke nan. Baƙi busasshe, fetur ya yi yawa. Mai jiƙe da mai, ringi ko bawul na yoyo. Fari fat, zafi ya wuce kima. Hayaƙin salansa ma shaida ne: shuɗi na baƙin mai ne, fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa na ruwa ne.

Idan waɗannan alamu sun nuna, kada a ji tsoron sake buɗe injin. A dubi jikin fistan da bangon silinda. Zane daga sama zuwa ƙasa aikin zafi ne ko ƙura, kuma mun san ƙurar hunturu a ƙasarmu. Matatar iska da ta yage kan bar ta ta shiga ta goge ƙarfe kamar yashi. A ja farce a kan karanshaf. In farce ya maƙale, sai an kai shi wurin masu gogewa.

Muna roƙon dattawan ikkilisiya su sa wannan dubawa cikin cinikin gyara tun farko, su kuma karɓi tsofaffin kayan da aka cire. Kuɗin galan ɗaya na mai bai kai ran mutum goma sha takwas a hanyar Jos ba.

Manzo Bulus ya gargaɗi Korintiyawa kowa ya binciki kansa kafin ya matso ga Jibin Ubangiji. Mai bi da ya fito daga gwaji yana iya raira waƙa da ƙarfi ran Lahadi, alhali ɗaci na cin zuciyarsa a ɓoye. Shi ma yana bukatar a zauna da shi, a tambaye shi, a yi addu'a tare. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.