Sikila: Makunnin da ke cikin jininmu, da abin da ya rage ga samarin Ribah

Iyaye mata a Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, sun san wannan labarin. Ana haihuwar jariri lafiya lau, a yi suna, a yi wankan jego, babu wata alama. Sai ya doshi wata shida, hannuwa da ƙafafu su fara kumbura, ya riƙa kukan da ba ya jin rarrashi. A je asibiti, a ce sikila ce, wato amosanin jini.

To, me ya kare yaron a watannin farko? Amsar wannan tambayar ce ta haifar da ɗaya daga cikin manyan magungunan zamanin nan.

Tun a 1948 wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura cewa jinin jarirai masu sikila bai cika lanƙwashewa kamar lauje ba. Dalili shi ne, jariri yana zuwa duniya da nasa nau'in himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Wannan na jarirai sikila ba ta taɓa shi. Bayan haihuwa sai jiki ya riƙa rage shi, ya koma yin na manya, wanda a nan matsalar take. Ka ga kenan akwai wani abu da ke kashe ɗaya ya kunna ɗaya. Shi masana suka shafe shekaru suna nema.

Ga yadda abin yake. Kusan kowace ƙwayar jikinka tana ɗauke da DNA iri ɗaya, amma ta ido daban take aiki, ta ɓargo daban. Bambancin yana zuwa ne daga wasu furotin da ke manne wa DNA su ce wa ƙwayar gado “yi aiki” ko “tsaya”. Suna da wuraren da suke sauka, ciki har da wani yanki da masana ke kira inhansa. Ɗauke shi kamar zugazugin maƙeri: ba shi ne wutar ba, yana iya zama nesa da ita, amma idan hannu ya kama shi sai wuta ta tashi. A 1981 ne ɗakin binciken Walter Schaffner a Zurich ta Suwizalan ya bayyana irin wannan yanki.

Sanin zugazugi bai wadatar ba, sai an san hannun da ke zuga shi. A 1989 tawagar Stuart Orkin a Boston ta ware ƙwayar gadon da ke samar da wani furotin na jajayen ƙwayoyin jini, wanda yanzu ake kira GATA1, ta kuma yi kwafinta. Kar ka ji kwafi ka zaci mutum ake kwafa. Guntun DNA ake cirowa, a saka shi cikin bakteriya, tana hayayyafa tana ninka shi, har a samu isasshen da za a karanta a gwada.

A 2008 aka nuna cewa wani furotin mai suna BCL11A shi ne ke danne himogulobin na jarirai. Amma fa ba za a kashe shi gaba ɗaya ba, domin ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki suna bukatarsa. Sai a 2013 aka gano zugazuginsa da ke aiki a ƙwayoyin jini kaɗai, kuma a nan GATA1 yake sauka. Idan aka ɓata wannan ɗan wurin, BCL11A zai yi sanyi a jini kawai, jiki ya koma yin himogulobin na jarirai.

Abin da maganin Casgevy yake yi kenan. Ana ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a yanke wurin da fasahar CRISPR, sannan a mayar masa. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. A gwajin da aka yi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da tashin ciwo mai tsanani ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba majiyyaci magani mai ƙarfi irin na kansa don share ɓargo, wanda kan iya hana haihuwa, ga kuma makonni a kwance a asibiti. Alhali a Najeriya ana ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, adadi mafi yawa a duniya. Manomin dawa a Ribah, ina zai kama?

Akwai abin da ya fi kusa da mu. Ƙwayar hydroxyurea ita ma tana ɗaga himogulobin na jarirai, tana rage yawan tashin ciwo, sai dai likita ne zai rubuta ta ya kuma riƙa duba jini. Ba maganin da za a saya a kemis a sha da ka ba ne.

Mafi arha kuma shi ne gwajin jini kafin aure. Kusan ɗaya cikin huɗu na ’yan Najeriya AS ne, kuma lafiyarsu ƙalau, shi ya sa da yawa ba su sani ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Kowane ciki fa. Ba wai idan na fari ya zo da ita sauran ukun sun tsira ba. A 2024 jihar Kano ta mayar da wannan gwaji doka kafin ɗaura aure.

Don haka kai saurayi, ke budurwa, a masallaci za a ɗaura ko a coci, ku yi gwajin tun ana zance, kafin a kai kuɗin gaisuwa magana ta yi nisa. Idan da hali a maimaita a wani asibitin daban, don ana samun kuskure.

Ku kuma ɗaliban kimiyya da ke karatu a Zuru, Aliero ko Sakkwato, ku tuna cewa ciwon namu ne. Neman hanyar da ta fi sauƙi da arha ta taɓa wannan makunni aiki ne da har yanzu ake kai, kuma yana bukatar waɗanda suka taɓa kwana a gefen gadon ƙani ko ƙanwa suna danna masa ƙafa.