Alamut: Kagarar Gaggafa a Duwatsun Iran

Kufan Alamut yana arewacin Iran, cikin jerin duwatsun Alborz, a lardin Ƙazwin, bisa wani dogon dutse da ya miƙe kamar wuƙa a saman ƙauyen Gazor Khan. Dutsen ya ɗara mita 2,000 daga bakin teku, kuma daga gindinsa zuwa samansa akwai kusan mita 200 na tsagwaron pa. Hanya guda ce ke kaiwa sama, siririya, mai lanƙwasa, wadda mutum biyu ba sa jerawa a wasu wuraren. Wani sarkin Dailam ne ya gina kagarar wajen shekarar 865. An ce gaggafa ya gani ta sauka a dutsen, shi ya sa ake fassara sunan da "koyarwar gaggafa" ko "sheƙar gaggafa".

Sunan Alamut ya fita ne a 1090, lokacin da Hasanu Sabbah, mai wa'azin Isma'iliyya, ya karɓe ta. Bai zo da runduna ba. Ya fara tura mutanensa ƙauyukan kwarin suna jan zukata, sannan ya shiga da kansa a matsayin malamin yara mai suna Dihkhuda. Kafin mai riƙe da kagarar, wani mutum mai suna Mahdi, ya farga, masu gadinsa sun zama almajiran baƙo. Aka sallame shi lafiya, da takardar karɓar dinari 3,000. Hasanu ya zauna a can har rasuwarsa a 1124, shekara 34 bai sauko kwarin ba. Rikicin gadon imamanci da ya raba Isma'iliyya a Masar a 1094 ya sa mutanen Alamut suka bi ɓangaren Nizar, suka tsaya da ƙafarsu. Shugabanni takwas suka yi mulki a nan cikin shekara 166.

Abin da ya riƙe Alamut duk tsawon wannan lokaci shi ne ruwa da rumbu. Tsayin dutse yana hana maƙiyi hawa, amma ba ya shayar da na ciki, kuma kagarar da ke kan tsauni ƙishirwa ce ajalinta. Hasanu ya gane haka tun farko. Ya sa aka sassaƙe cikin dutsen aka yi manyan ramuka na tara ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara, aka fafe magudanai a jikin pa suna kai ruwa cikinsu. A ƙasa kuma aka gyara kwarin, aka ja ruwa zuwa gonaki, aka dasa itatuwa. Wanda ya hau kufan a yau zai ga ramukan nan da bakinsu a buɗe, wasu da sauran ruwa a ciki, alhali bangon da aka gina da dutse da tubali ya zube. Sawun guduma da kurfi yana nan a jikinsu. Aikin mutane ne masu sassaƙa a wurin da santsi ɗaya ya isa ya kai mutum lahira.

Haka aka yi wa abinci. An haƙa ɗakunan ajiya a cikin dutse inda sanyi ke hana kaya lalacewa, aka cika su da hatsi da zuma da ruwan khal. Ata Malik Juwaini, masanin tarihin da ya shiga kagarar tare da rundunar Mongol da ta ci ta a 1256, ya ba da labarin cewa an tarar da kayan da aka ce tun zamanin Hasanu aka ajiye su, ba su canza ba. Ya kuma ambaci wani daga cikin masu wasoso da ya tsoma ƙafa a ramin zuma yana zaton bai da zurfi, sai ga shi ya nutse a ciki. Juwaini maƙiyin Isma'iliyya ne, ba abin da ya rage bai faɗa a kansu ba, amma aikin ramukan nan ya sa shi jinjinawa. Alamut ta jure ƙawanyar Saljuƙawa a 1092, da kuma ta shekaru da sarkinsu Muhammadu Tapar ya yi mata, wadda ta watse da mutuwarsa a 1118. 

Sai maganar da ta fi kowace yawo: wai a Alamut akwai lambu mai kama da Aljanna, da ƙoramun madara da zuma da kyawawan mata, inda ake bugar da samari da tabar wiwi, su farka a ciki, sannan a tura su kisa da alkawarin komawa. Wannan tatsuniya ce, kuma abin takaici ne yadda har yau ake kwafarta daga littafi zuwa littafi. Wanda ya yaɗa ta a Turai shi ne Marko Polo, wanda aka haifa a 1254. Yana da shekara biyu aka rushe Alamut. Juwaini da ya zaga wurin da ƙafarsa, yana neman abin aibatawa, bai ambaci lambun ba. Ina ma filin lambu a kan dutsen da ake lissafin ruwansa? Hasanun da ake cewa yana raba kayan maye shi ne ya sa aka kashe ɗansa na cikinsa saboda zargin shan giya. Kalmar "hashishiyya" zagi ce da abokan gaba suka liƙa wa Nizariyyan Sham, da nufin 'yan tasha marasa mutunci, daga ita kuma Turawa suka samo kalmarsu ta mai kisan gilla. Kisan kuwa ya faru, ba a musu: waziri Nizamul Mulk na Saljuƙawa ya faɗi a hannun wani fida'i, wato ɗan sadaukar da rai na Isma'iliyya, a 1092, wasu manya suka biyo baya. Dabarar marasa runduna ce, ba ta buƙatar wiwi.

Alamut tana da taskar littattafai da ta jawo malamai, cikinsu har da Nasiruddin Ɗusi, masanin lissafi da taurari, wanda ya zauna a can shekaru.

A 1256 Hulagu, jikan Jengis Khan, ya iso da rundunar Mongol. Imam Rukunuddin Khurshah ya miƙa wuya a kagarar Maimun Diz, ya umarci sauran su buɗe ƙofa. Alamut ta buɗe da rumbunanta cike. Juwaini ya zaɓi Alƙur'anai da wasu littattafai da kayan duban taurari, sauran aka cinna musu wuta. Kagarar Girdkuh ta ƙi bin umarnin, ta riƙe har 1270. Shekara biyu bayan faɗuwar Alamut, Hulagu ya ci Bagadaza.

Daga baya sarakunan Safawiyya sun mai da wurin kurkuku, sannan aka bar shi ga iska da girgizar ƙasa. Matafiyar nan 'yar Ingila, Freya Stark, ta ziyarci kwarin a 1930, littafinta ya sake jawo hankalin duniya. Masu binciken kayan tarihi na Iran sun yi tono a wurin, kuma an yi matakala domin masu ziyara, wadda ke kai su har bakin ramukan ruwan.