Bututu da Magudana a Ɗakin Sanyi na 'Yan Kasuwa

Idan ɗakin sanyi ya ƙi yin sanyi, nama ya soma sake kama, kifi ya yi laushi, mai kaya ba ya zargin kome sai inji. Ya kan ce injin ne ba shi da ƙarfi, ko kuwa an sayar masa da tsoho. Amma sau da yawa injin ba shi da laifi. Ɓarnar tun ran da aka shimfiɗa bututu aka yi ta, sai dai ba ta bayyana ba sai bayan watanni. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Manufar wannan takarda ita ce a bayyana hanyoyi biyu da ke cikin kowane ɗakin sanyi, watau hanyar gas da hanyar ruwa, a kuma nuna dalilin kowace ƙa'ida da a ke bi wajen shimfiɗa su.

1. Inda sanyi ke fitowa

Na'urar sanyi ba ta ƙera sanyi. Aikinta kwashe zafi daga wuri guda ta zubar da shi a wani wuri. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, gama randa da tulu haka su ke yi. Ruwa ya kan yi naso ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya sha zafi daga abin da ke kusa da shi. A kan wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Bambancin randa da inji shi ne, tururin randa ya kan bi iska ya tafi, amma inji yana kama nasa ya mai da shi ruwa, ya sake aiki da shi. Jacob Perkins ya yi rajistar irin wannan inji a Landan a 1834, Carl von Linde kuma ya kyautata mai aiki da amoniya a Jamus wajen 1876. Abin da a ke ɗura wa injin, wanda makanikai ke kira gas, ruwa ne mai tafasa ba tare da wuta ba. In an bar shi a sarari, amoniya na tafasa a digiri 33 ƙasa da sifiri, R-134a kuwa a digiri 26 ƙasa da sifiri.

Gaɓoɓin injin huɗu ne. Akwai kwamfireso, wanda ke zuƙo gas ya matse shi. Akwai kwandensa a waje, watau mazubar zafi, inda gas ke huce ya koma ruwa. Akwai wani matsattsen maƙogwaro mai sakin ruwan kaɗan kaɗan. Sa'an nan akwai mazuƙin zafi a cikin ɗaki, inda ruwan ke tafasa ya sha zafin kaya. A firjin gida duk huɗun suna cikin akwati guda, an haɗa su tun daga masana'anta. Amma a ɗakin sanyi na mahauta, ko na masu sayar da kifin ƙanƙara da a ke kawowa daga Legas, mazuƙin zafi yana ciki, kwamfireso da kwandensa suna bayan gini ko bisa rufi. Abin da ke haɗa su bututu ne da a ke shimfiɗawa da hannu a wurin. Nan ne gwaninta ko ganganci ke shiga.

2. Hanyar gas

Galibi da jan ƙarfe a ke yin wannan bututu, in ban da injin amoniya, domin amoniya tana cin jan ƙarfe, sai a yi da baƙin ƙarfe. Abu uku a ke nema ga hanyar gas: ta zama da tsabta a bushe, kada ta yi yoyo, ta kuma mai da mai gida.

Batun mai shi ne wanda aka fi mantawa. Kwamfireso yana da mai a cikinsa kamar injin mota, kuma kullum ɗan kaɗan na man ya kan bi gas ya fita. In bai komo ba, kwamfireso ya bushe ya ƙone. A bututun komowa gas ya riga ya zama tururi, ba ya gauraya da mai sosai, sai dai ya kora shi da gudu kamar yadda iska ke kora ƙura. Saboda haka kaurin bututu ba abin kirdado ba ne. In ya cika faɗi, gas ya yi tafiyar hawainiya, mai ya kwanta a hanya. In kuwa ya cika ƙunci, kwamfireso ya sha wuyar zuƙa, ya ci wuta da yawa, sanyi ya ragu. Masu ƙera injuna su kan ba da jadawalin kauri bisa ga ƙarfin inji da tsawon tafiya, kuma shi ya kamata a bi, ba abin da ya saura a shago ba.

Inda bututun komowa ke kwance, a kan karkata shi zuwa wajen kwamfireso, kamar rabin inci a kowace ƙafa 10, don mai ya gangara da kansa. Inda kuwa zai hau sama, gas na bukatar gudu wajen ninki biyu kafin ya iya ɗaga mai. Don haka a kan yi ɗan lanƙwasa mai siffar ƙugiya a gindin hawan. Mai ya taru a nan, hanya ta ƙuntata, gas ya fizge shi sama. In hawan ya yi tsawo, a kan ƙara wata lanƙwasar bayan kowace ƙafa 20 ko kusa da haka.

Wajen tsabta, abokan gaba biyu ne, datti da laima. Ba a yanka bututu da zarto, gama garin ƙarfe zai zuba ciki, sai da mayankin bututu mai ƙafar gare. Bakin da ba a kai ga haɗa shi ba, a toshe shi nan take, balle a lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Sa'ad da a ke walda, wuta ta kan sa cikin jan ƙarfe ya yi baƙin ɓawo in akwai iska a ciki. Daga baya ɓawon ya ɓamɓare ya toshe maƙogwaro. Maganinsa shi ne a riƙa busa iskar naitirojin a hankali ta cikin bututu har a gama waldar.

Laima kuwa ɓarnarta biyu ce. Ta kan daskare a maƙogwaro ta tsai da gas, ta kuma lalata mai ya yi tsami ya ci wayoyin kwamfireso. Wannan ya ƙara muni a zamanin nan. Tsohon gas R-12, wanda aka soma aiki da shi wajen 1930, an gane yana ɓata rufin ozon na sararin sama, sai yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta sa aka bar shi. Waɗanda suka gaje shi, irin su R-134a da R-404A, suna aiki da wani mai da ke shan laima daga iska da sauri ƙwarai. Su ma ɗin, gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya tanadi a rage su sannu a hankali, saboda suna ƙara ɗumamar duniya. Ashe yoyon gas ba hasarar mai ɗaki kaɗai ba ce.

Bayan an gama haɗi sai gwaji. A cika bututu da busasshen naitirojin, a bar shi ya kwana, a duba ko awo ya sauka, a bi kowace gaɓa da kumfar sabulu. Faufau ba a gwaji da iskar oksijin, domin in ta gamu da mai a matse sai ta fashe. Sa'an nan a zuƙe duk iskar ciki da famfon zuƙa har awo ya sauka zuwa maikiron 500, don duk laimar da ta saura ta tafasa ta fita. Daga nan a ɗura gas. A ƙarshe a tufatar da bututun komowa da rigar soso mai hana zafi, ba tare da barin kafa ba, a kuma tallafe shi da maɗauri don girgizar inji kada ta tsaga walda. A gari kamar Kano ko Sakkwato, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, bututun da aka bari tsirara a rana yana jido wa inji zafin da ba na kaya ba.

3. Hanyar ruwa

Mai karatu zai so ya san daga ina ruwa ke zuwa a ɗakin da ba a kai famfo ba. Daga iska ya ke. Kowa ya ga yadda moɗar ruwan ƙanƙara ke yin gumi a bayanta. Iska mai ɗumi tana ɗaukar tururi da yawa, mai sanyi kaɗan. A digiri 30, iskar da ta cika akwati mai mita 1 ta kowane gefe tana iya riƙe giram 30 na ruwa, a digiri 0 kuwa giram 5 kaɗai.

Ga lissafi. A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗi 3, tsayi 2.5, watau cikin akwati 30 ke nan. A ce iskar damina ce mai riƙe da giram 24. In ta shiga ta huce zuwa digiri 0, kowane akwati zai zubar da giram 19, ɗakin duka ya haura rabin lita. In buɗe ƙofa ya sa iskar ɗakin ta sake sau 20 a yini, an sami fiye da lita 11, ban da ruwan da ke fita daga jikin nama da kayan lambu. Duk wannan a jikin mazuƙin zafi ya ke taruwa. A ɗakin nama, da a ke riƙewa tsakanin digiri 0 da 4, ya kan ɗiga ko ya yi ɗan farin ɓawo. A ɗakin daskarewa, mai digiri 18 ƙasa da sifiri, ya kan zama ƙanƙara ya toshe hanyar iska, sai an tsai da sanyi lokaci lokaci a narkar da shi. Ruwan ya sauka a tire, daga tire ya bi bututun magudana.

A nan akwai tarko ga mutanen Arewa. Da hunturu iska a bushe ta ke ƙayau, ruwan da ke sauka kaɗan ne. Magudanar da aka shimfiɗa a karkace cikin Janairu sai ta yi kamar lafiya lau, a biya ma'aikaci ya tafi. Sai Agusta ta zo, tire ya cika ya tumbatsa bisa kaya. Saboda haka ba a jiran yanayi ya yi gwaji. Ran da aka gama aiki a zuba bokitin ruwa a tire, a tsaya a ga fitarsa.

Ƙa'ida ta fari gangara. Ruwan magudana ba shi da mai tura shi sai nauyinsa, don haka a kan ba bututu gangarar da ba ta gaza rubu'in inci a kowace ƙafa ba, kuma kada ya yi ciki a tsakiya. A ɗakin daskarewa a ƙara gangarar, a fitar da bututun ta bango mafi kusa, a naɗa masa wayar lantarki mai ɗumi, a rufe da riga. In ba haka ba ruwa ya daskare a hanya, kuma da ya ke ruwa na ƙaruwa da wajen kashi 9 cikin 100 in ya zama ƙanƙara, ya kan fasa bututu.

Ta biyu tarkon ruwa. Wannan lanƙwasa ce da ke riƙe ɗan ruwa kullum, ya zama marfi. Fankar mazuƙin zafi tana jan iska, in ba marfi sai ta jawo iska mai ɗumi daga waje ta cikin bututun, tare da wari da ƙwari, har ta hana ruwa sauka. A wajen ɗaki a ke sa tarkon, inda ba zai daskare ba, kuma kowane mazuƙi da nasa.

Ta uku, ba a cusa bakin bututun cikin kwata ko lambatu kai tsaye. A kan bar shi ya tsaya bisa mazurari da tazarar iska a tsakani, aƙalla inci 1, ko ninki biyu na faɗin bututun in wannan ya fi. Dalili shi ne, in kwata ta toshe ko ta cika da ruwan sama, ƙazanta ta malala a ƙasa inda za a gani, ba ta hau cikin ɗakin abinci ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta huɗu, a bar kafar wanki mai marfi. Tire da magudana su kan yi yauƙi, kuma sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, rage musu hanzari kawai ya ke yi. Akwai ma wadda a ke kira Listeriya, mai iya hayayyafa a sanyin firji, wadda ke da haɗari ƙwarai ga mata masu ciki da jarirai da tsofaffi. Magudanar da ba ta wankuwa gida ce gare ta. Haka kuma ramin da bututu ya bi ta bango, lalle a liƙe shi ciki da waje, don kada laima ta shiga ta jiƙa abin da ke hana zafi.

4. Ga malaman makaranta

Hanyoyin nan biyu kishiyoyin juna ne, kuma ta haka su ka fi sauƙin koyarwa. Hanyar gas rufaffiya ce, ba a son kome ya shiga ko ya fita. Hanyar ruwa buɗaɗɗiya ce, amma ta fita kaɗai. Ɗaya tana gangara zuwa kwamfireso don mai, ɗaya tana gangara zuwa waje don ruwa.

Malami ba ya bukatar inji kafin ya nuna wannan. Randa za ta nuna yadda bushewar ruwa ke kawo sanyi. Moɗar ƙanƙara za ta nuna ruwan da ke cikin iska, musamman in an gwada ta da hunturu aka sake gwadawa da damina. Farin tiyo mai nuna ciki, in an lanƙwasa shi aka zuba ruwa, zai nuna aikin tarko, in an bar shi ya yi ciki kuma ya nuna yadda ruwa ke kwanciya.

Ɗalibin da ya fahimci dalili, ko bai zama makanike ba, wata rana zai yiwu ya shugabanci asibiti mai ajiye allurar rigakafi, wadda yawancinta ke bukatar digiri 2 zuwa 8, ko makarantar kwana, ko ƙungiyar mahauta. Kafin ya sa hannu a biya mai kwangila, zai san ya tambaya ko an busa naitirojin wajen walda, ko awo ya kwana bai sauka ba, ina tarkon ruwa ya ke, kuma ina bakin magudana ya ƙare. Sa'an nan ya sa a kawo bokiti a zuba a gabansa.