Hawan Dutsen Dala: Tafiyar Wuni Ɗaya Don Ɗalibai Da Iyali

A ƙasashe da dama akan keɓe duwatsu da dazuzzuka, a gyara 'yar hanya gajera wadda yaro da tsoho za su iya bi da ƙafa don shan iska da ƙarin ilimi. Mu ma a Najeriya muna da manyan duwatsu, kamar na Shere kusa da Jos, da Chappal Waddi na Jihar Taraba wanda ya kai mita 2,419, amma waɗannan sai da kuɗin mota da guzuri da ƙarfin gwiwa. Mutumin Gwarzo ko Kabo yana da nasa kusa da gida, wato Dutsen Dala da ke cikin birnin Kano. Wanda ya tashi daga Sabon Birni da sassafe ya kama hanyar Gwarzo, ya wuce sabuwar harabar Jami'ar Bayero ya shiga ta Kabuga, zai hau dutsen ya sauko, ya kuma kwana a ɗakinsa.

An rubuta cewa tsayin Dala mita 534 ne. Kada wannan lissafi ya ba ku tsoro, gama daga bakin teku ake auna shi, shi kuwa birnin Kano yana zaune bisa tudun da ya haura mita 450. Abin da ƙafa za ta hau bai kai mita 100 ba. An kuma gina matakala ta siminti har zuwa sama, bisa kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe.

To, me ake zuwa gani? Da farko dai dutsen kansa. Ku sunkuya ku dubi ƙasar wurin, za ku ga ja ce, irin marmarar nan mai ƙarfe a ciki. Ita ce ta jawo mutanen farko. Masu binciken tarihi sun sami ragowar wurin narka tama a nan, suka ce tun wajen ƙarni na 7 ake wannan sana'a, wato ɗaruruwan shekaru kafin Bagauda, wanda littafin Tarihin Kano ya sa farkon sarautarsa a shekarar 999. Littafin nan ne kuma ya ba da labarin Barbushe da tsafin Tsumburbura. Ɗalibin da ya haddace waɗannan sunaye don jarrabawa kawai, in ya tsaya a wurin da kansa ba zai sāke rikita su ba.

Sai kuma birnin. Ta yamma ga Goron Dutse. Ta kudu maso gabas ga Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, dukansu daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ga kuma hasumiyoyin Babban Masallaci. Ta arewa za ku ga jirage suna sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Wanda idonsa ke da kyau zai tsinkayo abin da ya rage na ganuwar da aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu. A nan bisa ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya zauna a 1851 ya zana hoton birnin. A lokacinsa gonaki da fili suna da yawa a cikin ganuwa, yanzu kuwa rufin kwano ne iyakar ganin ido. Malamin labarin ƙasa ya tafi da taswira, ya sa yara su nemo gabas da yamma da kansu. A ganina wannan ya fi darasi uku a gaban allo.

Lokacin tafiya yana da muhimmanci ƙwarai. Yawancin iyalai sukan so hutun Kirsimeti, amma lokacin hunturu ne, hazo yakan rufe gari har Goron Dutse ma da ƙyar ake ganinsa, mai asma kuma ya sha wuya. Watan Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40, bisa dutsen kuwa inuwa ba ta da yawa. Da damina ƙasa takan yi santsi. Oktoba da farkon Nuwamba sun fi, bayan ruwa ya wanke sararin sama. A hau kafin ƙarfe 10 na safe. In Juma'a ce, a bar cikin birni kafin azahar saboda cunkoso.

Wajen hawa, a sa mafi rauni a gaba, babba ɗaya yana riƙe da hannunsa, wani babba kuma a can baya. A ƙirga yara a ƙasa, a sāke ƙirga su a sama. Kowa da gorar ruwansa da hularsa, da takalmi mai kama ƙafa. Silifa da takalmin coci mai tsini a bar su a gida. Saukowa ta fi hawa haɗari, domin gwiwa ta gaji, yara maza kuma sun fara tsere. Kada a bar kowa ya matsa bakin gaɓa don ɗaukar hoto. Asibitin ƙashi na Dala ba shi da nisa, amma ba ya cikin wuraren da muke so ku ziyarta.

Akwai abu ɗaya da baƙi sukan manta. Dala ba daji ba ne, unguwa ce, gidajen mutane sun kewaye shi har gindinsa. Ku gai da dattawan da kuka tarar, ku tambayi hanya da ladabi, 'yan mata su yi shiga ta mutunci da mayafi. Daga sama ana hangen tsakar gidajen jama'a, inda mata ke harkokinsu. Ba a nuna su da yatsa, ba a kuma ɗaukar hotonsu. Ledar ruwa da ta biskit a zuba a jaka a sauko da su. Tun 2007 dutsen yana cikin wuraren tarihin Kano da Najeriya ta miƙa wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihi na duniya, ruwan sama kuwa yana zaizayar gefensa kowace damina, saboda haka a bi matakala, kada a yanke ta gefe.